Shiru bayan addu'a

'Yar'uwa, kin tambaya ko shirun da kike ji bayan addu'a alamar raunin bangaskiya ne. Sam, ba haka ba ne. Ki buɗe Zabura 13. Sau huɗu Dawuda ya tambayi Ubangiji har yaushe, kuma Allah bai ƙi shi ba.

Na ɗanɗana wannan a lokacin da mahaifiyata ke kwance a asibiti. Da tsakar dare ina zaune a bakin gadonta, hannunta cikin nawa, bakina ya kasa furta komai. Ayar Romawa 8:26 a Littafi Mai Tsarki ce ta riƙe ni: Ruhu Mai Tsarki da kansa yana roƙo dominmu da nishi. Yau da dare ki karanta zaburar a hankali, ki faɗa wa Allah abin da ke damunki.