Zan iya kai marainiya makarantar boko da kuɗin zakka?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni 'yar kasuwa ce a kasuwar Kejetia, ina zaune Aboabo nan Kumasi a Ghana. Yayana ya rasu ya bar yarinya, ta ci BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, an tura ta makarantar kwana, amma uwar ba ta da halin sayen katifa da akwati da sauran kayan da aka rubuto, yanzu haka yarinyar ruwan leda take sayarwa a tasha. Ina so in taimaka da zakkata sai wata ta ce min wai ba a sa zakka a boko. Kuma Malam ina tsoron in na ba uwar kuɗin a hannu haya zai cinye, zan iya sayo kayan da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan yayanki. Ya halatta ki ba ta, kuma wadda ta faɗa miki waccan magana ta haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba. Ba boko kike ba zakka ba, yarinya matalauciya kike ba. Allah ya lissafa mutum 8 a Suratut Tauba aya ta 60, na farkonsu fakirai da miskinai. Maraici kaɗai ba ya sa a ci zakka, maraya mai dukiya ba a ba shi, amma wadda talla ta tsare ta a tasha saboda katifa ai talaucinta ba ya buƙatar shaida. Inda malamai suka yi magana shi ne a ɗauki zakka a gina aji ko a biya malaman makaranta, wannan mafi yawansu sun hana don babu wani talaka da aka mallaka wa.

Kasancewarta 'yar yayanki ma ba ya hanawa. A mazhabar Malik wanda ba ka ba zakka shi ne wanda ciyar da shi ya wajaba a kanka, iyaye da 'ya'ya da mata, 'yar ɗan uwa ba ta ciki. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta aika a tambayi Annabi SAW kan sadaka ga mijinta da marayun da ke hannunta, ya ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka, yana cikin Buhari.

Toh sai maganar sayo kaya, nan ne nake so ki natsu. Mashhurin mazhabarmu zakkar kuɗi da kuɗi ake fitarwa, ba a sayo kaya a miƙa a madadinta, Hanafiyya sun halatta, Ibnu Taimiyya ma ya halatta in akwai maslaha ga talakan. Amma kina da hanyar da za ki fita daga saɓanin gaba ɗaya, ki yi niyya, ki zauna da yarinyar da uwarta ki ce wannan kuɗin na wance ne na makaranta, su karɓa, sannan su wakilta ki ku shiga kasuwa tare. Ba dole ki ce musu zakka ce ba in zai sa su ji kunya. Kuma kada ki zargi uwar nan, wadda mai gidan haya ke buga wa ƙofa ba son rai ke sa ta taɓa kuɗi ba, ita ma in fakira ce tana da haƙƙi, ki ware mata nata in zakkar ta kai.

Abin da ke damuna da mu mazauna unguwannin zango, tun da aka fara Free SHS, wato karatun babbar sakandare kyauta, a 2017 sai muka ɗauka shikenan an gama. Kuɗin makaranta aka ɗauke a lokacin, ba a ɗauke kuɗin mota ba, da takalmi da sabulu da garin kwaki da audugar mata wadda rashinta kaɗai ke hana yarinya shiga aji duk wata kuma ba za ta iya buɗe baki ta faɗa ba. Ga kuma ɗan abin da take kawowa daga talla wanda gidan zai rasa ranar da ta tafi, sau da yawa shi ke sa a kira yarinya gida bayan zangon karatu ɗaya. Malikiyya sun yarda a ba fakiri abin da zai ishe shi shekara, don haka ki yi lissafin shekara ba na ranar tafiya kaɗai ba. Mai jarin sidi 200,000 zakkarsa 5,000 ce, kashi 2.5 cikin ɗari, kin ga in an tara wa yaro ɗaya ta fi a raba sidi ashirin ashirin a bakin masallaci.

In lokacin zakkarki bai yi ba ga makaranta za a koma, a wajenmu ana iya gabatar da ita da kamar wata ɗaya, in ya fi haka nisa ki saya mata da sadakar ganin dama yanzu, zakkar in ta zo ta riƙe ta sauran shekarar. Ki sa mata Alƙur'ani da abin sallah a akwatin, ki karɓi lambar malamar da ke kula da ɗakin kwanansu. Wallahu a'alam.