Shin Babbar Fashewa ta kore buƙatar Mahalicci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma gardama ta kaure tsakaninmu a ɗakin kwanan ɗalibai a Samaru. Wani abokinmu ya ce tunda kimiyya ta gano cewa sararin samaniya ya samo asali daga Babbar Fashewa, babu sauran buƙatar Mahalicci. Wani kuma ya ce wannan binciken shi ne ainihin tafsirin aya ta 30 ta Suratul Anbiya, wadda ta ce sammai da ƙasa sun kasance a haɗe sai aka raba su. Wane ne ke da gaskiya, kuma yaya kimiyya ta ce za a ƙare?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, abokan naka biyu duk sun ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa, amma kafin a yi musu hukunci ya kamata mu san abin da aka auna a zahiri.

A 1927 wani limamin cocin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, ya nuna ta hanyar lissafin Einstein cewa sararin samaniya yana faɗaɗa. A 1929 Edwin Hubble a Amurka ya auna hasken rukunonin taurari, ya ga cewa gwargwadon nisan rukuni daga gare mu, gwargwadon saurin da yake ƙara nisa. Kada sunan fashewa ya sa ka zaci wani abu ne ya tarwatse a cikin fili da ke nan tun da. Filin da kansa ne yake miƙewa, kamar kwaɓin fanke da aka zuba wa riɗi, wanda idan ya kumbura kowace ƙwaya takan yi nisa da 'yar uwarta ba tare da ta motsa daga gurbinta ba. Idan aka mayar da lissafin baya, sai a isa wani hali na tsananin zafi da cunkoso kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce. Hujja mafi ƙarfi ta zo a 1965, lokacin da Arno Penzias da Robert Wilson suka ba da rahoton wani raunanan haske da ke zuwa daga kowace kusurwa ta sama, wanda ya taso tun sararin yana da shekara 380,000 kacal. Ga kuma yawan haidurojin da hiliyom, sinadarai biyu mafi rashin nauyi, kusan kashi 75 da kashi 25 cikin ɗari na nauyin abin da muke gani a sararin, wanda ya yi daidai da abin da lissafi ya ce za a samu daga mintocin farko.

A nan abokinka na farko ya zarce. Lissafin da muke da shi yana bayyana yadda abu mai zafi ya faɗaɗa, ya huce, ya zama taurari, amma yana tsayawa kafin a kai ga farkon farawa, domin a wannan matsi ƙa'idar Einstein ba ta aiki. Ko da an wuce wannan shingen wata rana, tambayar dalilin da ya sa akwai wani abu maimakon babu, da dalilin da ya sa akwai ƙa'idojin da kansu, ba abin da na'urar hangen nesa za ta auna ba ne. Gardamar ma ta girmi na'urar: Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙalubalanci ra'ayin Ibn Sina na cewa duniya ba ta da farko, daga baya Ibn Rushd ya mayar wa Gazali martani. Haka batun tsarin da ake gani a halitta. Gaskiya ne cewa da ƙarfin da ke riƙe ƙwayar zarra ya sauya kaɗan, da taurari ba su samar da kabon ɗin da jikinmu ke buƙata ba. Mumini yana ganin hikimar Mai tsarawa, wasu masana kuma suna hasashen sammai masu yawa da muka dace da ɗaya daga cikinsu, alhali babu wanda ya taɓa auna wani sararin ban da namu. Wanda ya zaɓi wannan hasashen ya shiga falsafa, ko da sanye yake da rigar ɗakin gwaji.

Abokinka na biyu yana da kyakkyawar niyya, sai dai hanyarsa tana da haɗari. Sakamakon kimiyya yana karɓar gyara, kuma wanda ya ɗaure ma'anar aya da ra'ayin wani zamani zai shiga ruɗani ranar da aka gyara ra'ayin. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi irin wannan, ya ce binciken ya tabbatar da halitta, kuma Lemaître da kansa, duk da limancinsa, bai yarda a haɗa su haka ba. A ganina kana iya yin tadabburi da abin da aka gano, amma tafsiri yana da ƙa'idojinsa da malamansa, kuma Zazzau ba ta rasa su ba.

Game da ƙarshe kuwa, Rana tana da kimanin shekara biliyan 4.6, kuma saura mata kusan biliyan 5 kafin ta kumbura ta lashe duniyoyin da ke kusa da ita. Sararin gaba ɗaya an daɗe ana zaton ƙarfin jan nauyi zai rage masa gudu, wataƙila har ya dunƙule ya koma yadda ya fara, sai a 1998 ƙungiyoyi biyu na masana suka gano cewa faɗaɗar ƙara sauri take yi, binciken da ya sami kyautar Nobel a 2011. Abin da ke tura shi ana kiransa baƙin makamashi, kuma shi ne kusan kashi 68 cikin ɗari na duk abin da ke akwai, yayin da abin da muke gani da taɓawa bai wuce kashi 5 ba. Idan ƙarfinsa ya dawwama yadda yake, taurari za su ƙare ɗaya bayan ɗaya, komai ya yi sanyi da duhu. Amma awon da wata na'ura a jihar Arizona ta fitar a 2024 da 2025 ya nuna alamar cewa ƙarfin nasa yana iya raguwa da tafiyar zamani, kuma idan hakan ya tabbata, dole a sake lissafin ƙarshen.