Ana kankare fentin gidanmu ina saƙa bargon jariri: wanki zai wadatar?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina saƙa da kwarashi, kuma na yi alkawarin barguna uku na kyauta: ɗaya na jaririn da ƙanwata za ta haifa nan da mako goma, biyu manya na lulluɓa a kan kujera. Ana cikin haka aka fara gyaran gidanmu. Tsohon gida ne, ana kankare fentin ƙofofi da tagogi, ana yanka tayil, wani aikin ma da hannuna nake yi. Ƙura ta hau kwandon zarena har launin ya dusashe. Mai fentin ya ce ƙura ce kawai, in kakkaɓe in wanke. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Zan iya gamawa a kan lokaci? Kuma bargon jaririn da na kai rabi, ya dace in bayar da shi?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Rashin kwanciyar hankalin nan naki yana da dalili. Bari mu sallami maganar lokaci tukuna, don ita ce mai sauƙi.

Kada ki saƙa barguna ukun nan a dunƙule, layi bayan layi. Bargon da ya kai rabin mita ya riga ya fi ƙarfin jaka, dole ki shimfiɗa shi a cinya, gefensa yana jan ƙasa, kuma gidan da ake gyara ba shi da ƙasa mai tsabta. Ki yi su murabba'i-murabba'i, kowane santimita 15, ki haɗa daga baya. Bargon jariri mai faɗin santimita 75 da tsawon 90 murabba'i 30 ne, biyar a faɗi shida a tsawo. Na lulluɓa mai 120 da 150 kuwa 80 yake ci. Ki ɗauki zare mai matsakaicin kauri, wanda ake rubuta wa lamba 4, da kwarashi milimita 5 ko 5.5, ki saƙa guda ɗaya agogo na gabanki. A ce ya ɗauke ki minti 25. Na jariri ke nan awa 12 da rabi, ki ƙara kusan kashi ɗaya bisa uku don haɗi da saƙa baki da ɓoye jelar zare, ya tashi wajen awa 17. Manyan kowane zai ci wajen awa 45. A tara duka, kina neman kusan awa 11 a kowane mako har mako goma, ga aikin gida yana jiranki. Ba zai yiwu ba sai dai ki kashe hannunki. Haihuwa ce ba ta jira. Masu barguna biyun nan, ki gaya musu tun yanzu sai an gama gyara.

Murabba'in farkon nan ki ɗora shi a sikeli. Idan ya yi giram 12, talatin za su ci 360, haɗi da baki su kai ki wajen 450, sai ki sayi ƙulli biyar masu giram 100 a lokaci guda. Ki duba lambar rini da ke jikin takardar kowane ƙulli ta zama iri ɗaya. Launi mai suna ɗaya daga tukunyar rini daban yakan bambanta, a shago ba a gani, sai an haɗa bargo an fita da shi rana.

Yanzu ga maganar mai fenti. "Ƙura ce kawai" ita ce maganar da na fi ji a wannan fage, kuma ita ce ta fi ba ni haushi, domin masu faɗinta ba su taɓa auna komai ba. Ƙurar da iska ta shigo da ita daban, garin tsohon fenti daban. An daɗe ana zuba dalma, ƙarfe mai guba, a fentin mai don launi ya fito, ya bushe da wuri, ya yi ƙarko, musamman mai sheƙi da ake shafa wa ƙofofi da firam ɗin taga da ƙarafa, kuma rawaya da ja sun fi ɗauke da ita. Wuraren da ake kankarewa a gidanki ke nan. Amurka ta hana irin wannan fenti a gidajen zama a 1978, amma har yau kusan rabin ƙasashen duniya ba su da dokar da ta ɗaure masu yin sa. Saboda haka shekarun gida kaɗai ba sa wanke shi daga zargi. Kuma sabon fentin da aka shafa a kai bai kawar da na ƙasa ba, rufe shi kawai ya yi. Samfefa tana ratsa su duka, ta mai da su gari.

Wannan garin ba shi da wari, kuma mafi laushinsa ido ba ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotse daga abin da ya haɗiya. Ki tuna me jariri yake yi da bargo: yana cusa gefensa a baki, yana damƙa ya tsotsi yatsunsa, fuskarsa a kai awa da awanni. Ɓarnar a ƙwaƙwalwa take, a fahimta da natsuwa da koyo, kuma ba ta gyaruwa. Yawanci yaron ba ya nuna wata alama. Ba zazzaɓi, ba ƙurji, ba abin da zai sa uwa ta ruga asibiti. Gwajin jini ne kaɗai yake nunawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sauke ma'aunin da ake fara bibiyar yaro a kansa zuwa maikrogiram 3.5 a kowane desilita (kashi ɗaya bisa goma na lita) na jini a 2021. Maikrogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Sai ki kwatanta wannan da ƙurar da ta isa ta dusar da launin kwando guda.

Idan kika faɗa wa ma'aikacin haka, na san amsar: shekara ashirin yana wannan aiki bai ga komai ba. To shi babba ne, ƙwaƙwalwarsa ta gama ginuwa, kuma hawan jini da ciwon ƙodar da dalma ke jawo wa manya ba sa zuwa da takardar da ke cewa daga fenti muke. Yaushe rabon da ya auna jininsa? Wani kuma zai ce akwai abin da ake sha bayan aiki ya wanke ciki. Babu wani abin sha na gida da ke fitar da dalma. Tana shiga ƙashi ta zauna shekaru, kuma lokacin goyon ciki takan fito daga ƙashin ta koma jini ta isa ga ɗan tayi. Don haka ƙanwarki kada ta taka gidan nan har a gama a share, ko da leƙe ne na ganin yadda aiki ke tafiya.

Kakkaɓewa ita ce mafi munin abin da za ki yi. Kin ɗauki ƙurar da ta kwanta kin mayar da ita iska, kin shaƙa, sauran ta sauka a kan gado da kujeru. Haka shara da busasshiyar tsintsiya, haka injin zuƙar ƙura na gida wanda ba shi da matatar HEPA mai tare ƙura mafi laushi: yana kama manyan, ya feso ƙananan ta baya. Wanki kuwa yana rage ƙura sosai, ban musa ba. Amma saƙar kwarashi ba sumul take kamar tebur ba. Zare murɗaɗɗe ne, kowace saƙa ƙulli ce a kan ƙulli, ga zaren roba da ke janyo ƙura da kansa idan ya gogu. Ba ki da hanyar sanin abin da ya rage bayan wanki, kuma wanda za a gwada a kansa bai kai wata ɗaya a duniya ba. Hukuncina shi ne, rabin bargon nan ba na jariri ba ne, sai idan an gwada fentin an tabbatar babu dalma. Awa takwas ko tara kika zuba a ciki, za ki mayar da su cikin mako uku. Ki sayi sabon zare ki fara daga farko. Gwajin kuma, 'yan tsinkayen da ake gogawa a bango su canza launi sukan kuskure, musamman idan dalmar tana can ƙasa. Abin dogaro shi ne a yanko ɓawon fentin har zuwa katako ko ƙarfe a kai ɗakin gwaji. Idan babu halin haka, a ɗauka akwai, a yi aiki a kan hakan.

Yin aiki a kan hakan yana nufin a tsayar da gugar samfefa a bushe, da ta inji, da ƙona fenti da wuta, wanda shi hayaƙin dalma yake tayarwa. A fesa ruwa a wurin, a kankare a jiƙe. A shimfiɗa leda mai kauri ta fita aƙalla mita biyu daga inda ake aiki, a rufe ƙofar ɗakin da wata ledar a manne gefenta da tef. Takunkumin yadi da na asibiti ba sa tare wannan gari, sai mai lambar P100 ko FFP3 da ya zauna daram a fuska. Idan an tashi, a naɗe ledar ƙurar tana ciki, a goge daga sama zuwa ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya. Mai yanka tayil ma ya yanka da ruwa, a waje, don garin tayil da siminti yana da nasa ciwon a huhu. Ma'aikacin da ya ce wannan ɓata lokaci ne, gidanki ne ba nasa ba. Shi zai karɓi kuɗinsa ya tafi, ke za ki zauna da ƙurar a tsagar taga shekara da shekaru.

Saƙar kuma ki ware mata ɗaki ɗaya da ba a taɓa ba, mai ƙofa a rufe, ko ki yi ta a wani gidan. Zare ya zauna a roba mai murfi. Ƙullin da kike aiki da shi ya zauna cikin leda mai zif, ki bar ƙaramar kafa zaren yana fitowa, murabba'in da kika gama ya shiga wata ledar nan take. Tunda da hannunki kike wani aikin, kada ki tashi daga kankara ki zauna ki ɗauki kwarashi. Ki cire kayan aiki da takalmi a bakin wurin, ki yi wanka har gashi, ki goge ƙarƙashin farce, kayan aikin a wanke su su kaɗai. Gara ma ki yi saƙarki da safe kafin ki taɓa komai. Hannun da ya wuni yana damƙe guduma yakan matse zare fiye da ƙima, sai ki ga murabba'in dare ya fito santimita 14, na safe 15, wurin haɗi bargon ya yi ta tattarewa. Ki riƙa auna kowane na biyar. Fatar da siminti ya busar kuma tana kama zare ta tsattsage shi, ki shafa mai ki bari ya shige kafin ki fara.

Wani abu da ake mantawa: tsumman da aka shafa man goge katako da shi, idan aka cukuikuye aka tara, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. A baza shi a waje ya bushe ko a nutsar da shi a ruwa cikin gwangwani mai murfi, nesa da zare. Zaren roba idan wuta ta kama shi narkewa yake ya manne a fata.

Wurin gama bargon, ki bar jelar zare santimita 15 a kowane canjin launi, ki ratsa ta da allura gaba da baya, kada ki ƙulla ki yanke a gindi, don wankin farko zai kwance shi. Kada ki sa maɓalli ko dutsen ado ko dogon geza. Ki wanke shi kafin ki bayar, da ruwa mai sanyi ko ɗumi-ɗumi, ki shanya a kwance, ba a gidan da ake aikin ba. Kada dutsen guga ya taɓa zaren roba, zai mutu ya yi laɓa-laɓa. Ki haɗa wa ƙanwarki da takardar jikin zaren don ta san yadda ake wanki, ki kuma gaya mata cewa likitocin yara ba sa son a sa sakakken bargo a gadon barcin jariri kafin ya cika wata 12. Na shimfiɗa ne da riƙo a hannu, ana kallonsa.

Ba ki faɗa ba ko akwai yara a gidan naki. Idan akwai 'yan ƙasa da shekara shida da suka kwana a ciki tun da aka fara kankarar nan, ki fitar da su yau, ki kai su a auna dalma a jininsu, ke ma a auna ki, ki gaya wa likita ranar da aka fara aikin da irin fentin da ake gogewa.