Tambayi Likita: Jarabar Caca da Ƙwaƙwalwa

Tambaya: Likita, caca cuta ce ko son zuciya ne kawai?

Amsa: Takan zama cuta. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a sahu ɗaya da shaye-shaye. Kuma ana maganinta.

Tambaya: Mahaifinmu yana shan maganin Parkinson, ciwon karkarwar jiki, sai ga shi da tsufansa ya tsunduma caca.

Amsa: Hajiya, magunguna irin su pramipexole da ropinirole kan jawo haka. Kada ku dakatar da maganin da kanku, ku kai Baba wurin likitansa cikin makon nan.

Tambaya: Sau tara a jere ana cinye ni a cacar ƙwallo, jiya ma wasa ɗaya ne ya ɓata mini tikiti. Ai na kusa ci ko? Ina ci zan biya bashi in daina. Abokina ya ba ni tramadol don in samu natsuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, wasiƙarka ta hana ni sukuni. Akwai sinadari a ƙwaƙwalwa, dopamine, mai sa mutum ɗokin abu. A gwajin da aka yi da birai a 2003, ƙwayoyin da ke fitar da shi sun fi zabura yayin jira idan lada tana tsakanin samu da rashi. Wato bugun ƙirjin da kake ji kana kallon waya a minti na 89, shi ne ƙugiyar, ba kuɗin ba. Shi ya sa masu cewa "ina ci zan daina" ba sa dainawa.

Wasa ɗayan nan kuwa, ƙwaƙwalwa na ɗaukar "saura ƙiris" kamar an ci, alhali aljihu wayam. Kuma caca ba ta san an cinye ka sau tara ba. A 1913 a gidan cacar Monte Carlo da ke ƙasar Monaco, a cacar da ake zaɓar launin ja ko baƙi, launin baƙi ya fito sau 26 a jere, mutane na ta zuba dukiya a kan ja wai lokacinsa ya yi, suka tsiyace.

Sai tramadol. Haba! Ana kukan targaɗe sai ga karaya? Yana kama mutum, yana jawo farfaɗiya. Idan ka saba da shi, kada ka yanke lokaci guda, je ka ga likita.

Yau ɗin nan ka goge manhajar cacar, ka damƙa katin bankinka ga wanda ka yarda da shi, ka faɗa masa gaskiyar bashin. Ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti. Idan tunanin kashe kanka ya fara zuwa, kada ka jira gari ya waye, je asibiti a daren.