Tambaya da Amsa: Mai hoto daga Garwa yana son sit nashi na kanshi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya zafi. Ni mai ɗaukar hoto ne a nan Garwa, shekara bakwai kenan ina yi, biki, suna, hawan sallah har da hoton fasfo. Duk aikina a Facebook da status na WhatsApp nake sawa, to kwanaki wata ƙungiya da ke aiki a Marwa suna neman mai hoto suka ce in turo adireshin sit ɗina, wato shafina na intanet, ni ko ba ni da shi, na tura musu hotuna ta WhatsApp, shiru kake ji har yau. Yanzu wani yaro a unguwarmu ya ce zai haɗa min, wai in kawo hotunan duka, sun fi dubu uku, zai sa kiɗa da rubutu mai yawo. Dan Allah a ba ni shawara kafin in zuba kuɗina.

Ƙaninka, daga Garwa

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, zafi kam sai godiya, Allah ya kawo mu damina lafiya.

Gara da ka tambaya tun kafin ka biya. Kar ka ba yaron nan hoto dubu uku, wallahi ko ɗari sun yi yawa. Ka duba tela mana, duk ɗinkin da ya taɓa yi ba shi yake ratayewa a ƙofar shago ba, riga biyar ce ko shida waɗanda ya san in mutum ya gani zai ja birki. Kai ma ka zauna ka tsamo 25 zuwa 30, ka raba su gida uku ko huɗu, na biki da suna, na hawa da taro, na mutum ɗaya a tsaye ko a zaune, sai na aikin ƙungiyoyi tunda su kake so su kira ka. Zaɓen nan shi ne mai wuya, na sani, dan akwai hoton da kake so saboda wahalar da ka sha kafin ka same shi, ka tsaya cikin rana a ƙofar Lamiɗo dawakai na tada ƙura har kamara ta yi fari fat, amma mai kallo bai san wannan ba, shi dai ya ga doki ya fito dishi-dishi. Ka kira wani abokin sana'a wanda ba ya jin kunyarka ya taya ka cirewa. In kana da na lokacin gasar kofin Afirka da aka buga a filin Roumdé Adjia farkon 2022, ɗaya ko biyu sun isa su nuna ka iya taro mai cunkoso.

Sai maganar nauyi, a nan ne yawancin mutanenmu ke faɗuwa. Kamara mai megafiksel 24 tana fitar da hoto 6000 a 4000, guda ɗaya kan kai wajen mega 10. Talatin kenan mega 300. To wa zai buɗe? Baban amarya ne da Tecno ko Itel ɗinshi, ya sa forfe, wato data, na ƴan ɗaruruwan sefa, rezo, wato sabis ɗin waya, na zuwa na tafiya, yana kallon hoto na sauka layi-layi daga sama, kafin ya kai fuskar amaryar ma ya rufe ya kira wani. Ka rage kowane hoto, dogon gefenshi ya dawo fiksel 1600, nauyinshi tsakanin kilobait 200 da 300. Akwai Squoosh, kyauta ne, a burauza kake buɗewa ka jefa hoton ya nuna maka na asali da wanda aka matse gefe da gefe, ka ja har inda idonka ya fara ganin bambanci ka tsaya, in ka ajiye shi a WebP ma, wani nau'in fayil ɗin hoto mara nauyi, ya fi sauƙi. Da haka hotuna talatin ɗin gaba ɗaya ba su kai nauyin guda ɗaya na asali ba, kuma a fuskar waya ba mai ganewa.

Kiɗa kuma a'a. Mutum ya buɗe a ofis ko a majalisa cikin manya sai ganga ta tashi, da sauri zai kashe kuma ba zai dawo ba. Rubutu mai yawo shi ma a bar shi. Bango fari ko baƙi, shikenan, launin yana cikin shadda da lalle da kwalliyar dawakin da ka ɗauka.

Abin da mutum zai fara gani in ya buɗe, sunanka, garinka, irin hoton da kake ɗauka, da maɓallin WhatsApp babba wanda yatsa ba zai kuskure ba. Haɗa shi ba wuya, wa.me/ ne sai 237, lambar ƙasarmu Kamaru, sai lambarka, ana taɓawa hira ta buɗe. Kar ka yarda a sa maka fom ɗin nan na cika suna da imel a jira amsa, mutanenmu ba sa cikawa, murya suke so su tura. Ka rubuta da Faransanci da Hausa, dan mutanen ƙungiyoyin nan da Faransanci suke karatu, ka faɗi kana jin Fulatanci in kana ji, babban jari ne ga mai shiga ƙauyuka. Ka kuma faɗi ko kana tafiya, Marwa wajen kilomita 200 ce daga gare ku, Ngaundere ta ɗara haka, mai neman ka yana so ya sani tun kafin ya kira. Ƙarƙashin kowane hoto ka sa layi ɗaya, abin da ake yi da gari da shekara, da wannan rubutun ne Google ke gane ka in wani ya nemi mai hoto a Garwa.

Yanzu ka saurara da kyau. Sunan sit ɗin, ko mai ƙarewa da .cm ne na ƙasarmu wanda hukumar ANTIC ke kula da shi, ko .com, haya ce ta shekara-shekara, kuma a yi rajistarshi da sunanka da imel ɗinka, lambar sirri a hannunka. Na ga wani mai hoto da ya buga adireshi a kati da jikin shago, wanda ya haɗa mishi ya bar gari ya canza layi, shekara ta zagayo ba a biya ba, sit ya mutu shi ko ba shi da makullin komai. Ba wai ina zargin yaron unguwarku ba ne, ka ba shi aikin ma, amma ku zauna tare a yi rajistar a gabanka ya koya maka yadda ake cire hoto a sa wani. Wuraren da ake gina sit ɗin kuma, in kana biyan Lightroom, manhajar gyaran hoto ta Adobe, to Adobe Portfolio na cikin kuɗin, Pixieset na da tsarin kyauta na farawa, WordPress kuma shi ne wanda ko yaron ya tafi za ka samu wani ya iya. Na wajen yawanci katin banki suke karɓa, ka tambaya tun da wuri.

Abin da ya fi damuna ban ji ka ambata ba, hotunan mata. Kai an yarda da kai an shigar da kai cikin gida ranar kamu da ranar lalle, ka ɗauki amarya da ƙawayenta ba mayafi suna dariya, an biya ka ne dan su ajiye abinsu. Status kwana ɗaya yake ya ɓace, sit kuwa yana nan shekara da shekaru kowa na iya saukewa. Kafin hoton kowace mace ya hau ka tambaye ta, ka tambayi maigidanta ko iyayenta, a amsa maka a rubuce ko da a WhatsApp ne ka ajiye, yara ma haka. Kamaru ta yi dokar kare bayanan mutane a Disamba 2024, amma tun kafin doka ka san garin nan, gida ɗaya in ya yi fushi da kai bikin danginsu kaf ya wuce ka. In an ce a'a, akwai hannu da lalle, akwai akwatunan lefe, akwai ango da abokanshi cikin babbar riga, duk suna nuna iyawa. Cikakken kundin biki kuma a sa shi a wuri mai lambar sirri, masu shi kaɗai su shiga, Pixieset na yin wannan.

In yaron ya ce ya gama kar ka duba a kwamfutarshi. Ka ɗauki wayar kawunka ko ta mai shagon kusa da kai, a inda rezo ke da rauni, ka ba shi adireshin ka ce ya nemo hoton biki sannan ya turo maka saƙo, kai dai ka yi shiru ka zuba ido. Duk inda ka ga yatsanshi ya tsaya yana lalube, nan ne za a gyara, sai an gyara ka cika ma yaron kuɗinshi. Daga nan ka sake tura ma mutanen Marwa adireshin da gaisuwa, ba ka san ko har yanzu suna nema ba, ni ma ka turo min in buɗe a tawa wayar.