Yadda ake auna ragin kuɗin tiyatar ƙashi ba tare da an cutar da majiyyaci ba

Malam, ka tambayi yadda za a tabbatar cewa asibitin da ya ce ya rage kuɗin sauya ƙugu ko gwiwa bai tauye lafiyar majiyyata ba. A ganina, babban kuskure shi ne rufe lissafi ranar sallama, domin wanda aka sallama da wuri, sannan ya dawo da rauni ya yi ruwa, kuɗin jinyarsa bai ragu ba ko kaɗan.

Wannan ne ya sa tsarin biyan kuɗin tiyatar sauya ƙugu da gwiwa mai suna CJR, wanda Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, ta fara a 2016 a yankuna 67, ya haɗa kuɗin tiyata da na kwanaki 90 bayan sallama wuri guda. Da ƙuri'ar canki-canka aka zaɓi yankunan, kuma a lokacin shiga tsarin dole ne ga asibitocinsu, saboda haka aka iya kwatanta su da sauran yankuna cikin adalci. Ragin da aka samu bai da yawa, kuma galibinsa ya fito ne daga rage tura mutane gidajen jinya bayan tiyata.

Sai dai kwanaki 90 ba za su nuna ƙarkon gaɓar da aka dasa ba. Wannan aikin rajista ne, irin wadda Ingila ta buɗe a 2003, mai bibiyar waɗanda aka sake wa tiyata bayan shekaru.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne zaɓen majiyyata. Ka bincika ko asibitin ya fara kauce wa tsofaffi da masu ciwon suga, domin hakan kaɗai yana iya gyara masa alƙaluma alhali aikinsa bai inganta ba.