Daga Sama Ake Hango Abin da Ke Ƙarƙashin Ƙasa?

Tambaya: Malam, na ji a rediyo wai tauraron ɗan'adam na gane dutse zai yi aman wuta. Shi yana sama, wutar tana ƙarƙashin ƙasa, ta yaya? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, ai ba wutar yake gani ba, kumburin ƙasa yake aunawa. Idan narkakken dutse ya taso, ƙasar da ke samansa takan ɗago kamar ƙullin waina da ya tashi. Tauraron Sentinel-1 na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2014, yana aika siginar rada (wani nau'in siginar rediyo da ake auna nisa da shi) daga nisan kusan kilomita 700, ta daki ƙasa ta koma. Bayan kwana 12 sai ya sake bi ta wurin, a gwada hotunan biyu. Motsin santimita 3 ma ba ya ɓuya, kuma gajimare ko duhun dare ba sa hana shi aiki, abin da ya fi burge ni ke nan.

A ƙasar Aisilan da ke arewacin Turai, a Nuwamban 2023, narkakken dutse ya kutsa tsawon kilomita 15 ta ƙarƙashin garin Grindavík. An kwashe mutanen garin ranar 10 ga wata, aman ya zo ranar 18 ga Disamba. Sai dai rada ba ta faɗin ranar. Shi ya sa ake haɗawa da na'urorin auna girgizar ƙasa.